Gida Mai Injin Wanki

"Ga injin wankin nan, a cikin ɗaki," in ji Misis Tolbert, mai gidan hayar.

Loretta ta shafa murfinsa. Mijinta Wendell, tsohon shugaban makarantar garin, ya fara fitsarin kwance, kuma ba ta so kowa ya sani. Shagon wanki ɗaya ne a garin, mata har sun fara kallon zannuwan gadonta.

"Na kama gidan," in ji Loretta.

"Ai ke na ajiye wa, 'yar'uwa. Ran Lahadi Wendell ya miƙe a coci, ya roƙi a taya ku neman gida mai injin wanki saboda fitsarin kwancen da ke damunki. Sannu, ya jikin?"

Loretta ta daɗe tana kallon injin.

"Da sauƙi," ta ce.