Bindiga Mai Zanzana

Ka ce kun shirya da ƙaninka, amma ranka ba zai kwanta ba sai kun zauna kun tone duk maganar da ta wuce, ɗaya bayan ɗaya. To, mijin kaka, bar hucin nan ka ji wannan tukuna.

Wani maharbi ne mahaifinsa ya rasu ya bar masa bindigar toka guda ɗaya tak. Baƙin ciki ya hana shi ko kallonta, sai ya naɗe ta a buhu ya jingine bayan randa, har damina biyu ta wuce. Ka dai san ƙarfe da laima. Ranar da ya kwance buhun, ya tarar tsatsa ta yi wa bututun jawur. Ga shi saura kwana tara a fita farautar farko ta rani, wadda maharban yankin kaf ke haɗuwa, a nan ne kuma ake ganin ko ɗa ya isa ya tsaya a gurbin ubansa. Ya saɓa ta ya kai wa wani tsohon maƙeri, aminin marigayin. Tsohon bai yi gaggawa ba. Ya raba bututun da ƙotarsa, ya jiƙa shi da mai ya bar shi ya sha. Sannan ya bi shi da magagari mai ƙananan haƙora, a hankali, daga gindi zuwa baki, ba ya gittawa. Ya bi da yashi mai laushi a tsumma, ya ƙarasa da toka. Tsatsa ta tafi, ƙarcen ƙaya da na duwatsu duk suka tafi. Sai wasu ramuka uku da suka rage can wajen gindi, daidai inda albarushi ke tashi, kowanne kamar tabon zanzana. Tsohon ya sa tsinken ƙarfe ya ƙwaƙule tsatsar cikinsu tas, ya ajiye magagari. Maharbin ya ce, "Baba, waɗannan fa?" Ya ce, "Na cire musu ciwon, tabon kuwa ya zauna. Naman ƙarfen ba shi da yawa a nan, ɗana. Je ka samo man kaɗe, jibi mu gasa ta mu shafe ta, ta yi baƙi."

A hanyar gida, riƙe da bututun, ya biyo ta gindin tsamiya inda sa'o'insa ke hira. Ɗaya ya karɓi bututun ya juya shi, ya ce, "A'a, ashe gadon naka har da agana? Ka huta da harbi, zomo na ganinta dariya za ta kashe shi." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, amma maganar ta soke shi kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ba girman kai ba ne, ka ji. Shi ya san mahaifinsa sumul ya bar bindigar nan, ramukan nan uku kuwa sakacinsa ne, duk wanda ya kalle su laifinsa yake kallo. Washegari da hantsi ya ɗauko magagarin da yake wasa adda da shi, ya zauna a inuwa. Ya goga, ramin farko ya ragu. Ya ƙara, ya ɓace. Wani daɗi ya kama shi, kamar da kowace guga ana yafe masa. Kafin la'asar babu rami ko ɗaya, bututu na ɗaukar ido.

Da ya kai wa maƙerin, tsohon bai ko duba ƙyallin ba. Ya bi wurin da babban yatsa, ya ji ya lotsa kamar turbar da ƙafa ta cinye. Ya ƙwanƙwasa wajen baki da awartaki, ƙarfe ya amsa da cikakkiyar murya. Ya ƙwanƙwasa wajen gindi, sai ka ce gwangwani. Ya toshe 'yar kafar wuta, ya cika bututun da ruwa, ya kafa baki ya hura da ƙarfi. Suna kallo, ɗigon ruwa ya tsattsafo a gefe, kamar zufa a goshi. Tsohon ya ajiye bututun. Ya ce, "Ta yi kyau kam. Amma ranar da ka ɗura mata albarushi, kai za ta fara harba. Ba da hannuna za a kai wa abokina ɗansa ba." Duk da haka ya karɓi man kaɗen, ya gasa ta ya shafe ta har ta yi baƙi wuluk, sannan ya sassaƙa ice ya toshe mata baki. Ranar farauta, da gora maharbin ya fita cikin masu karnuka, wani ne ya tsaya a gurbin mahaifinsa. Bindigar kuwa tana rataye a zaurensa, ba tabo ko ɗaya. Baƙi kan ɗaga kai su yaba kyanta, shi kuma ya sunkuyar da nasa.

To, ka ji. Abin da ke ci tsakaninku, ku ƙwaƙule shi, na yarda. Abin da ya riga ya mutu kuwa, bar masa tabonsa, zumunci ma namansa ba shi da yawa. Ba a banza magabata suka ce ba: garin neman gira, a rasa ido.