Hannun Kaftani

Ranar da za a ba da kyautar gwarzon masu jifa na ƙaramar gasar besbol, wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda, Zinatu ta kai sabon kaftanin mijinta wurin Baba Tanimu tela. Mijin nata, Nafi'u, yana cikin waɗanda ake sa wa rai.

"Da wane hannu yake jifa, 'yata?" in ji tela, yana laluben almakashi.

"Da hagu, Baba. Amma ai ba a faɗi wanda ya ci ba tukuna."

"Na kalli wasansa na ƙarshe. Shi ne."

Ta miƙa masa kaftanin. Tun da manyan ƙungiyoyi suka daina ɗaukar ɗan wasa, suka koma ɗaukar hannunsa kawai su dasa wa nasu 'yan wasan, kowa ya san abin da ke biyo bayan kyautar. Babu irin roƙon da ba ta yi masa ba, ya riƙa kuskure da gangan. Yakan ce to, amma da ƙwallo ta shiga tafinsa sai ya manta.

"Kar ka yanke hannun kaftanin, Baba. Ninke shi kawai, ka kama da zare."

"Haka matar gwarzon bara ta ce. Ta dawo na yanke."

Da la'asar aka kira sunan Nafi'u, zauren taron ya kaure da tafi. Tsofaffin gwaraza suka miƙe a sahun gaba, kowanne yana buga hannunsa ɗaya da ya rage a ƙirji. Nafi'u ya ɗaga mata hagunsa yana dariya.

Zinatu tana zaune da kaftanin a cinya, tana tsinke zaren ninkin hannun hagun da farce.