Abin da Ake Bari a Ƙofar Taro

Taron Manya ba a shigarsa sai da gayyata, kuma ba takalmi ake cirewa a ƙofa ba. Na'urar ƙofar ce take cire maka mutum ɗaya daga zuciya, ta riƙe shi jingina don kada ka fitar da sirri. Ita take zaɓa.

Da la'asar mijina, Farfesa Lurwanu, ya dawo daga taron. Muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, kowa na tsoron fara yi masa sannu.

"Hajara, ya gida?" ya ce da ni.

Na sauke ajiyar zuciya. Ya shafa kan yara, ya kira kowa da sunansa. Sai ya hango mahaifiyarsa a kan tabarma, ya rusuna da ladabi.

"Sannu, Hajiya. Hajara, baƙuwa muka yi? A kawo mata ruwa mana."

Shi ne ɗanta na fari. Saboda alkunya, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Amma a ranar, sai ta kama sunan.

"Lurwanu."

Ya yi murmushi. "Ikon Allah! Hajiya, a ina kika san ni?"