Rami na Shida

Zomo ya tsuguna a ƙarƙashin tebur, waya a baki, waya a wuya, yana laluben bayan sabon akwatin ɗaukar sauti. Rami takwas gare shi, kowane makirufo da nasa. Tsohon akwatinsa rami biyu ne, kuma yau biyu ba za su yi ba.

Saboda kunne aka sa masa Zomo. In fatar ganga ta saki kaɗan, tun daga bakin ƙofa zai faɗa. Sai dai shaƙiyyi ne na bugawa a jarida. Shi ne ya taɓa cusa kukan akuya a tsakiyar waƙar wani mai ji da kai, ya kuma rantse da kanta ta shigo. Shi ya sa da ya tashi daga zazzaɓin bara ya tsiro da sabon iya shege, a kira shi ya yi biris, a tambaye shi gabas ya amsa yamma, dariya kowa yake yi.

Yau ba ranar dariya ba ce. Yayarsa, mawaƙiyar da ta goya shi, ta kuma saya masa kwamfutarsa ta farko, za ta kwanta asibiti da yamma. Wani abu ne ya fito mata a maƙogwaro. Likita bai ɓoye ba: za a cire shi, kuma da muryar zai tafi. Waƙa ɗaya take so ta bar wa jikokinta, don su san kakarsu ba haka aka haife ta shiru ba. Ƙarfin da ya rage mata na rerawa sau ɗaya ne.

Zomo ya saka ta a ƙuryar da ya liƙe da katifu, ya ja ƙofa, don kada ganga ta shiga muryarta. Ta ɗan gilashi suke ganin juna. Ya jona fiyano da jita kai tsaye, ya kewaye gangunan da makirufo uku, ya cusa wayar makirufon Yaya a ramin da ya biyo baya. Sannan ya koma kan manhaja ya buɗe layuka, yana gaya wa kowanne ramin da zai saurara. Na ƙarshe ya rubuta masa YAYA da manyan baƙaƙe.

Wayarsa ta yi ta ruri a kan tebur har ta gaji.

"Kai ɗan banza, matarka ce fa!" in ji mai ganga daga bayansa. Zomo ko motsi. Sai da aka jefe shi da hula ya juyo, ya tsura wa bakin mai ganga ido.

"To bar wayar. Yaya ta gwada makirufo mana, ko ɗaya-biyu," in ji mai ganga.

"Murya ce ta gwaji yau?" Zomo ya faɗa da ƙarfi kamar mai talla. "Kai dai bugi abinka."

Ya ɗora abin ji a kunne, ya ɗaga hannu, ya danna jan maɓalli. Korayen fitilu suka tashi rawa gaba ɗaya, har da na layin YAYA. Ta gilashi yana ganinta, ido rufe, jijiyar wuya a miƙe. Akwatin yana mayar mata da muryarta cikin kunne, tana jin kanta tas. Da ta kai ƙarshe ta yi tari cikin hankici, ta dunƙule shi da sauri ta tura jaka.

Zomo ya ɗaga babban yatsa. "Ya shiga!"

"Sa mu ji," in ji mai ganga.

Mijin Yaya yana waje cikin mota yana danna ham. Yaya ta girgiza kai, muryar har ta dishe. "Bari sai na dawo, yanzu kuka zan yi. In ƙanena ya ce ya shiga, ya shiga."

Da aka sallame ta daga asibiti, ta dawo da farin bandeji a wuya, ta rame kamar a hure ta. Aka cika ɗakin, miji, 'ya'ya, jikoki a kan cinya. Zomo ya ba su baya, ya dafa lasifika da tafin hannu kamar yadda ya saba kwanan nan, ya danna.

Ganga ta shigo. Fiyano ya bi. Aka zo inda murya za ta faɗo, ganga ta ci gaba.

"Zomo, bar wasa," in ji mai ganga. "Ba yau ba, don Allah."

Zomo yana gyaɗa kai, yana bin korayen fitilu da ido.

Mai ganga ya leƙa ta saman kafaɗarsa. Layin YAYA rami na biyar yake saurara, na ƙaramar ganga. Ya duba bayan akwati. Wayar Yaya tana nan a na shida, ramin da ba a haɗa shi da kowane layi ba. Ya dafe kai ya zauna a ƙasa.

Mijin ya miƙe yana zagi. Wata jika ta fashe da kuka. Zomo bai waiwayo ba sai da fitilun suka kwanta. Ya juyo da murmushi, ido cike da hawaye.

"Kun ji murya kuwa? Wallahi ba ta taɓa yi kamar wannan ba."

Yaya ta daɗe tana kallonsa. Ta nuna masa kwamfutar da yatsa, ya juya. Sai ta tashi a hankali, ta ɗauki sandar ganga da faifan ƙarfen da mai ganga ke kaɗawa, ta kai dab da ƙeyarsa, ta maka wa faifan sandar da duk ƙarfin da ya rage mata. Kowa ya toshe kunne.

Zomo ko ƙifta ido bai yi ba, domin tun zazzaɓin bara bai ƙara jin sautin komai ba a duniya.