Ranar Cire Munduwa

Tun da aka kawo munduwa cibiyarmu ta masu barin shaye-shaye, koyarwa ta yi sauƙi. Ɗalibi na ba da amsa daidai, munduwar hannunsa za ta sakar masa ɗumi mai daɗi har ƙeya. In ya ci jarrabawar ƙarshe, a cire, ya koma gida. Tamu ta malamai kuwa sai aji ya cika take ɗumi.

Malam Barau, direban tifa da kodin ya raba da motarsa, wata huɗu ya yi ya iya karatu. Yau na duba takardarsa ta jarrabawar ƙarshe: tambaya arba'in, bai ci ko ɗaya ba.

Na ce, "Malam Barau, jiya fa kai ka koya wa aji wannan."

Ya dafe munduwarsa. "Malama, ki maimaita mini aji."

"Matarka na bakin ƙofa tun safe."

Ya ce, "A gida in na yi daidai, wa zai sani?"

Na rubuta ya maimaita. Ɗumin ya hau hannuna har ƙeya. Matar dai ban leƙa ta ba.