Ɗan Masunta da Jininsa Ya Manta

Ka tambaye ni yadda jini ke kare kansa daga zazzaɓin cizon sauro. Gyara zama ka ji misali.

An yi wani ɗan masunta da ya tashi a bakin kogi, inda sauro ya fi mutane yawa. Yana ƙarami zazzaɓi ya sha kayar da shi, har ya tafi da ƙannensa mata biyu. Shi da Allah Ya yi wa sauran kwana, a hankali jininsa ya gane ƙwayar cutar. In ta shigo sai dakarun jini su tare ta, iyakarta ciwon kai na yini guda, ya koma kan kwalekwalensa. Da ya kawo ƙarfi sai ya tafi wata ƙasar sanyi inda babu cutar, ya shekara ashirin da uku yana ɗinki. Bai taɓa leƙo gida ba, ko da aka aika masa rasuwar mahaifiyarsa. Sai da idonsa ya daina ganin kafar allura ya tattara ya dawo, ana tsakiyar damina.

Ƙanensa ya sauke shi a ɗakin da ke kusa da zaure, aka ba shi gidan sauro. Ya ninke ya ajiye, wai sauron garin nan ya san shi. Ba a yi mako biyu ba rawar ɗari ta kama shi, aka kwashe shi sai asibiti. Malamin asibitin yana ɗaura masa ƙarin ruwa ya ce, "Baba, jini ba ya riƙe kamannin abokin gaba har abada. In sun daɗe ba su haɗu ba, mantawa yake yi."

Magani ya ci, ya tsira. Amma kwana shidan da ya yi a kwance, ƙofa yake kallo. Gadon kusa da shi kullum cike yake da 'yan dubiya da kwanukan kunu. Shi kuwa sau biyu ƙanen nasa ya zo, suka gaisa kawai, ya juya ya tafi. Ranar da aka sallame shi ya ɗauki ledar maganinsa, ya bi bakin kogi shi kaɗai. Samarin da ke gyaran komar kamun kifi, 'ya'yan 'yan'uwansa ne, suka ɗaga masa hannu da ladabi suna cewa sannu baƙo. Ya amsa, bai ga laifin kowa ba.

Ai Bahaushe ya riga ya faɗa: zumunta a ƙafa take.