Mai Taliya da Mutumin Kamfani

Ran da aka ce ƙanin maigidana ya sami aikin hulɗa da jama'a, kunya ta hana ni tambayar ko mene ne aikin, sai da na keɓe da Gwaggo. Ta ce ita ma ba ta gama gane kansa ba, amma ga misali.

Wata mata ce mai sana'ar taliyar murji, takan shanya ta a igiya a tsakar gida. Sai aka kafa kamfanin casar shinkafa a bayan katangarta. Iska na kaɗawa, ƙaiƙayi ya sauka a kan taliyar tun tana ɗanya, ya manne, wanda ya dafa sai ya ji ƙasa-ƙasa a haƙori. Masu saye suka fara janyewa. Mijinta ya kai kuka kamfanin. Washegari sai ga wani mutum tsaf-tsaf ya yi sallama, wai shi ne jami'in hulɗa da jama'a. Ya tuɓe takalmi, ya ƙi kujera ya zauna a tabarma, ya saurare ta har ta gaji, ya rubuta komai. Matan unguwa suka rasa inda za su ajiye shi. Wata ta ce mai sulhu ne, wata ta ce maroƙi ne da ya yi boko, wata ta ce ku bar bawan Allah, son mutane ne kawai. Ba bakanike ba ne dai, don ko kallon bututun da ke feso ƙaiƙayin bai yi ba. Da uwar matar ta rasu, da shi aka ɗauki makara, ran sadakar uku kuma ya aiko da buhun shinkafa. Aka dafa aka ci, ita ma ta ci.

Ƙaiƙayi bai fasa sauka ba. Ana nan sai ga mutumin da ɗan jaridar rediyo, wai a ji ta bakin maƙwabta. Mai taliya kuwa cikinta cike da magana, ga ma kwanon taliyar da aka dawo mata da shi da safe a gefenta. Aka miƙo mata abin magana. Ta ɗaga ido, sai ta ga kafaɗar da ta ɗauki uwarta. Jami'in ya ce, "Hajiya, faɗi gaskiyarki, kada ki ji komai." Ta ja gefen mayafi ta rufe kwanon, ta ce, "Mutanen kirki ne, sai godiya." Da la'asar ta ji muryarta a rediyo, tana tsaye tana kakkaɓe taliyar da ba mai saye. Har yau ba ta san ko cutarta ya yi ko mutunci ba, don mijinta ya rantse hawayen mutumin a maƙabarta na gaske ne, kuma ba wanda ya ce ta yi ƙarya, bakinta ne ya faɗa. Ta dai kwance igiyar ta naɗe.

Gwaggo ta ce abin da ta sani ɗaya ne: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.